Darasin Zanen Fili ga Ɗaliban Tsara Gine-gine: Hujjarsa, Hanyarsa da Ladubbansa



Mas'alar da zan gabatar a gaban wannan majalisi ƙarama ce in an auna ta da ma'aunin jadawalin karatu, domin darasin da ake fitar da ɗaliban tsara gine-gine daga ɗakin zane, a kai su bakin ganuwa ko gindin masallaci ko tsakiyar kasuwa, a ce kowa ya nemi wuri ya zauna ya zana abin da ke gabansa da fensir, ba ya cin fiye da ɗan gurbi a shekarar farko ko ta biyu, kuma galibi shi ne farkon abin da ake yankewa duk ran da kuɗin mota ya yi ƙaranci ko zangon karatu ya taƙaita. Akwai ma daga cikin abokan aikinmu, waɗanda ba na shakkar iliminsu ko kyakkyawar niyyarsu, masu ganin cewa tun da kwamfuta ta karɓi aikin zane, kuma kowane ɗalibi yana da kyamara a aljihunsa, to wannan darasi ya zama saura daga al'adun wani zamani, ana riƙe da shi ne kawai don kara ga mazan jiya. Abin da nake so in tabbatar a wannan maƙala shi ne akasin haka: zanen fili horon gani ne kafin ya zama horon hannu, kuma a ƙasa irin tamu, wadda mafi yawan gine-ginenta na gado da ƙasa aka yi su, maginansu ba su bar mana taswira ko littafi ba, wannan darasi shi ne hanyar da ta fi kusa ga ɗalibi in yana so ya karanta abin da suka bari. Zan ɗauki birnin Zariya misali, saboda nan na fi sani, kuma saboda karatun tsara gine-gine a Nijeriya a nan ya kafu tun cikin shekarun 1950, kafin a mai da kwalejin da ke koyar da shi Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Asalin hujja

Ba sai mun tafi Turai neman hujjar farko ba. Alhasan ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya wallafa Kitabul Manaziri cikin maƙala bakwai, inda ya kafa dalili a kan cewa gani yana samuwa ne da hasken da ke fitowa daga abu ya shiga ido, saɓanin ra'ayin masu cewa wani haske ne ke fita daga ido ya taɓa abin. Wannan kowa ya san shi da shi. Amma abin da ya fi shafar malamin zane yana cikin maƙala ta biyu da ta uku, inda ya bayyana cewa ido shi kaɗai ba ya riskar komai face haske da launi, sauran abubuwa kuwa, kamar nisa da girma da siffa da kama da bambanci, hankali ne ke hukunta su ta hanyar ƙiyasi, cikin sauri mai tsanani har mutum ba ya jin ya yi wani hukunci. Sa'an nan ya raba riska gida biyu: akwai ta kallo ɗaya, wadda mutum ke gane abu da wata alama da ya riga ya sani, ya wuce, akwai kuma ta natsuwa, wadda ido ke bin sassan abu ɗaya bayan ɗaya, har surarsa ta haƙiƙa ta tabbata a zuciya. Maƙala ta uku kuwa ya keɓe ta ga kurakuran gani, da yadda hankali kan yi ƙiyasi a kan abin da ya saba, ya faɗa cikin kuskure alhali idon lafiya lau yake.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan ɗalibi sabon shiga yana kallon takardarsa ya ga tafsirin wannan magana a aikace. Ka zaunar da shi gaban katangar ƙasa ta wani tsohon gida, wadda gindinta ke da kauri, tana sirancewa tana ɗan kwantawa ciki yayin da take hawa, kusurwarta a dunƙule saboda yaɓen shekaru, sai ka tarar ya ja layi biyu miƙaƙƙu sambal kamar an ɗora magwaji, ya haɗa su da kusurwa mai kaifi. Bai yi ƙarya da gangan ba. Ya dubi katanga, hankalinsa ya ce masa katanga ce, sai hannunsa ya zana wadda ya sani tun daga firamare, ta bulo da siminti, ya bar wadda ke tsaye a gabansa. In ka ce masa ya miƙe hannu ya riƙe fensir a tsaye, ya rufe ido ɗaya, ya gwada gefen katangar da gefen fensirin, a nan za ka ga fuskarsa ta canza, domin a lokacin ne ya fara ganinta. Kuma daga wannan ganin tambaya ke fitowa, me ya sa magini ya kaurara gindi, daga tambayar kuma ilimin nauyi da ɗaukarsa ke shiga kansa ta ƙofar da lacca ba ta taɓa buɗewa ba. Haka almajiri yake da allonsa: abin da ya rubuta da hannunsa ya fi zama a ƙirjinsa bisa ga abin da ya gani rubutacce a bugun dutse, ko da rubutun nasa bai kai na bugun kyau ba.

Littafin Ibnul Haisam ya shiga Latin, malaman Turai suka yi ta nazarinsa ƙarni bayan ƙarni, har aka zo zamanin da Brunelleschi ya gwada ƙa'idar zanen nisa da kusa a birnin Filorans a farkon ƙarni na 15, Alberti kuma ya rubuta ta a littafi a 1435. Wannan ƙa'ida, ta cewa abu yana ƙanƙancewa gwargwadon nisansa, layuka masu tafiya tare kuma suna haɗuwa a ɗigo guda a kan layin ido, ita muke koya wa ɗalibai a ɗakin zane da magwaji da ma'aunin kusurwa. Amfaninta ba ya musantuwa. Illa dai an gina ta ne a kan titi miƙaƙƙe da gini mai kusurwa huɗu daidai, lungun birni kuwa ba ya miƙewa taki ashirin ba tare da ya karkata ba, saboda haka ɗalibin da ya haddace ƙa'idar bai fita da ita fili ba, yakan tilasta wa lungu ya bi ƙa'ida, maimakon ya yi amfani da ƙa'ida ya fahimci lungu.

Waɗanda suka riga mu

Ba zan daɗe a kan tarihin wannan al'ada a Turai ba, domin sananne ne ga mafi yawan mahalarta. Ya isa a tuna cewa Le Corbusier, wanda ake ɗauka uban ginin zamani, ya yi tafiyarsa ta 1911 ta ƙasashen Balkan zuwa Istambul da Atina da Italiya yana cika littattafan aljihu da zane, ga kuma kyamara a hannunsa, amma waɗannan zane-zanen ne ya yi ta komawa gare su a rubuce-rubucensa da laccocinsa. Haka kuma Louis Kahn bai sami muryarsa ba sai bayan zagayen da ya yi a Italiya da Girka da Masar a 1950 zuwa 1951, yana zana kufai. A Masar ɗin ma, Hassan Fathy sai da ya gangara Aswan ya ga yadda maginan Nuba ke ɗaure rufin tubali ba tare da katakon tallafi ba, kafin ya ɗauko su su yi masa aiki, har aka kai ga ginin sabuwar Gurna a shekarun 1940.

Abin da ya fi cancantar tsayawa shi ne namu rabon. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya shiga Agadas a 1850, ya iso Kano a farkon 1851, ya hau dutsen Dala ya zana birnin daga bisa, ya kuma fitar da taswirarsa. Kuma duk da cewa wani mai zane ne a Turai ya gyara hoton kafin a buga shi, har yau da shi ake kafa hujja in ana maganar kamannin Kano a tsakiyar ƙarni na 19. Bayan shekara ɗari da 'yan kai, Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya tare da mataimakansa 'yan ƙasa, ba a buga aikin ba sai a 1990, bayan rasuwarsa, cikin mujalladi uku. Daga wannan aiki kuma aka sami gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos, inda aka sake gina kwatankwacin Masallacin Juma'a na Zariya. J. C. Moughtin ya fitar da littafinsa kan ginin Hausa a 1985. Daga cikinmu kuwa, Hamman Tukur Sa'ad ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Mishigan a 1981, a kan yadda su maginan kansu ke hukunta kyau da muni a sana'arsu, wanda a ganina shi ne ya fi kusa da ruhin darasin da muke magana a kai, domin ya zauna da gwanaye ya ji ta bakinsu.

A lura da wani abu a wannan jeri: mafi yawan abin da muka mallaka a takarda game da gininmu, baƙi ne suka zo suka zauna a rana suka zana mana shi. Ba na faɗin haka don zargi, Allah ya saka wa kowa gwargwadon aikinsa. Ina faɗi ne domin ginin ƙasa ba ya jira. Damina biyu ko uku ba tare da yaɓe ba ta isa ta mai da soro tudu, wanda kuwa damina ta ƙyale, faɗaɗa hanya ba ta ƙyale shi, kamar yadda aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a Kano a 2010 aka gina sabuwa a madadinta. Shi kansa masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, har mai wucewa ta waje ba zai san abin da ke ciki ba.

Birni a matsayin aji

Lokacin da ya fi dacewa da wannan darasi a Zariya shi ne daga ɗaukewar ruwa zuwa kafin bazara ta tsananta, sa'o'in da suka fi dacewa kuma su ne daga hantsi zuwa kafin rana ta take, sai kuma bayan la'asar. Dalili kuwa ba jin daɗin jiki kaɗai ba ne. Garin yana wajen daraja 11 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka da tsakar rana hasken yana saukowa daga can sama, inuwa ta gajarta, fuskar bango ta zama shafaffiya, zanen dagi da sauran adon da aka tayar a bakin zaure su ɓace kamar babu. Amma in rana ta karkata, kowane tudu na yaɓe yakan jefa inuwarsa, indararo ya ja dogon layi baƙi a jikin bango, zankwaye su fito sarari, ginin ya bayyana siffarsa ga wanda ma bai iya kallo ba. Ranar da hazo ya sauka kuwa inuwa takan mutu gaba ɗaya, sai a bar ado a koma ga darasin nisa, domin a irin wannan rana dutsen Kufena kan dushe ya koma toka-toka, itatuwan tsakiya su fi shi duhu, na kusa su fi kowa, ɗalibi ya koyi jera nesa da kusa da nauyin fensir kaɗai.

Kayan aiki kaɗan ne, kuma ƙarancinsu da gangan ne: littafin zane mai ɗinki wanda ba a yage masa shafi, fensir mai taushi, alƙalamin tawada, da ɗan katako na ɗora takarda. Ba magwaji, ba magogi. Hana magogi shi ya fi tayar da ƙorafi, amma hikimarsa ita ce layin kuskure ya zauna a takarda kusa da layin gyara, domin malami ya ga hanyar da idon ɗalibi ya bi kafin ya isa.

Akan fara da zanen gaggawa a wuri mai faɗi, kamar Ƙofar Doka ko filin ƙofar fada, a ba ɗalibi 'yan mintoci ya kama jimlar abu da layuka kaɗan, a ce ya juya shafi ya sake, har tsoron farar takarda ya fita daga zuciyarsa. Bayan haka a koma ga awo da jiki, kowa ya san tsawon takinsa da kamunsa da taƙinsa, ya auna faɗin lungu da taki, tsayin ƙofa da tsayin mai shiga cikinta, ya rubuta a gefen zane. Waɗannan matakai biyu ba su da wani sirri, kowace makaranta tana yin irinsu.

Mataki na uku ne zan tsaya a kansa, domin shi ne ya raba zanen mai tsara gini da zanen mai yin hoto don ado. Akan shigar da ɗalibai zaure, da izinin mai gida, a ce su zana shi kamar an yanka shi da wuƙa daga rufi har daɓe, su nuna kaurin bango da abin da ke cikin rufi, alhali ba mai iya ganin cikin bango. A nan dole ɗalibi ya yi istinbaɗi: ya auna ɗakin ta ciki, ya fita ya auna ta waje, bambancin ya ba shi kauri, ya ɗaga kai ya ƙirga azara, ya lura da yadda aka jera ta. Zai tarar cewa azara, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta cin ta da sauƙi, amma ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6, kuma daga wannan iyaka guda ɗaya kusan dukkan hikimar rufin Hausa ta tsiro. Magini da ke son ɗaki ya fi haka faɗi, sai ya fito da azara daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ya ɗaure, ya lulluɓe da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. In ya gicciya baka da baka ya sami ɗaurin guga, ya raba rufin zuwa ƙananan gurabe waɗanda azara za ta iya rufewa, a bisa kuma a tayar da tulluwa don ruwa ya gangara. Ɗalibin da ya zauna sa'a biyu ƙarƙashin irin wannan rufi yana ƙoƙarin fitar da shi a takarda, ya kuskure ya sake, ya fahimci cewa bakan Hausa ba irin bakan dutse na Rumawa ba ne, wanda kowane dutse ke danne ɗan'uwansa. Wannan ƙasa ce mai ƙashi a ciki, ta fi kusa da kankare mai rodi a ma'ana. Na karantar da wannan magana a allo, na kuma ga an gano ta a zaure, kuma tsakanin fahimtar biyu akwai nisa mai yawa.

A wannan mataki ne kuma ake bukatar magini. Malamin jami'a yana iya sanin sunan makuba da laso a littafi, amma wanda zai gaya wa ɗalibi cewa makuba daga ɓawon ɗorawa ake samunta, laso kuma haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara, kuma ya shafa bango da tafinsa ya ce wannan yaɓen bara ne, wancan kuwa ya kwana biyu, shi ne mutumin da ya gaji sana'ar. Nakan bukaci kowane suna da magini ya faɗa a rubuta shi a gefen zane, da kibiya zuwa ga abin da ake nufi, ta yadda littafin ɗalibi zai zama ƙamus mai hoto ba tare da ya yi niyya ba.

Kada kuma a fahimce ni cewa darasin na kufai da tsofaffin soraye ne kaɗai. Wannan kuskure ne da masu son gargajiya kan faɗa ciki, su mai da birni gidan tarihi, su kau da kai daga abin da mutane ke ginawa yau. Rumfar kwano a tasha, da shagunan Sabon Gari, da benen siminti da ya tsiro a tsakiyar unguwa, da gidan ƙasa da aka yi wa rufin kwano aka shafe fuskarsa da siminti, duk abin zanawa ne. Na ƙarshen nan ma ya fi koyarwa, domin wanda ya zauna ya zana yadda simintin ya kumbura ya ɓare daga jikin ƙasa, ya bi sawun damshin da ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ba zai taɓa ba wa mai gida shawarar ya yi haka ba ran da ya zama ma'aikaci.

Ladubban fita

Birni ba ɗakin gwaji ba ne, gidajen mutane ne, kuma jami'a ba ta da wani haƙƙi a kansu face abin da suka bayar don karamci. Saboda haka kafin ɗalibi ya buɗe littafi, wajibi ne malami ya riga ya je ya gai da mai unguwa, ya bayyana ko su wane ne da abin da ya kawo su, domin talaka in ya ga baƙo da takarda yana duban katangarsa yana rubutu, abin da zai fara zuwa ransa haraji ne ko rusau, kuma yana da uzuri. Namiji iyakarsa zaure, sai in mai gida da kansa ya ce a shigo. A nan ɗalibai mata suke da falala a kan 'yan'uwansu, domin su ne ke shiga cikin gida su ga tsakar gida da madafa da rijiya da jerin ɗakuna, wato rabin ginin Hausa da mafi yawan masu bincike maza ba su gani da idonsu ba. Sashen da ya san abin da yake yi zai ɗauki wannan da muhimmanci, da sharaɗin a nemi yardar matan gidan su ma, kada a wadatu da ta mai gida. Ba a zama a ƙofar masallaci lokacin salla, ba a zana fuskar mutum ba da saninsa ba, in an gama kuma a nuna wa mai wuri abin da aka zana. Yara za su taru, wannan ba makawa. A bar su su kalla.

Akwai kuma tambayar da kusan kowace shekara wani ɗalibi mai tsantseni kan yi, kuma bai kamata a amsa ta da dariya ba: mene ne hukuncin zana mutum? Mai tsara gini yana bukatar surar mutum a zanensa domin ita ce ma'aunin da ke nuna girman ƙofa da tsayin rufi. Ni ba mufti ba ne, amma abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne cewa haramcin ya ta'allaƙa ne ga sura mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, ta abu mai rai, zanen da ke shimfiɗe a takarda kuwa bai kai wannan matsayi ba a wurinsu, ko da yake wasu malamai na wasu mazhabobi sun tsananta. An kuma ruwaito cewa Ibnu Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Gini da itace da dutse dai babu saɓani a kansu. Abin da nakan yi shi ne in bar wa ɗalibi zaɓi: wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ya wadatu da ɗan layi tsaye mai nuna tsayin mutum, ba fuska ba gaɓoɓi, kuma ba a rage masa maki ko ɗaya saboda haka.

Waya, kwamfuta da ma'aunin sakamako

Ba na gaba da na'ura. Tun da AutoCAD ta fito a 1982 aikin ofishin zane ya sauya, kuma ɗalibin da ya fita bai iya ta ba, da ire-irenta da suka biyo baya, mun zalunce shi. Amma kwamfuta tana zana abin da mai ita ya riga ya yanke, kyamara kuma tana kwashe komai ba tare da ta zaɓi komai ba, alhali zaɓi shi ne aikin: wane layi ne ke ɗauke da ginin, wane ne ƙura. Wanda ya ɗauki hoto ya yi kallo ɗaya irin wanda Ibnul Haisam ya siffanta, ya jinkirta natsuwar zuwa wani lokaci da galibi ba ya zuwa.

Dabarar da ɗalibai suka ƙware a kai ita ce su ɗauki hoto a ɓoye, su koma ɗakin kwana su kwafe shi cikin sanyin fanka. Gane wannan ba wuya: madubin waya yana da buɗaɗɗiyar kusurwa, sai ka ga gine-ginen gefe sun kwanta, ga zane tsaf babu layin lalube ko ɗaya, kuma in ka tambaye shi me ke bayan itacen nan sai ya yi shiru. Amma laifin ba nasu ba ne su kaɗai. Muddin muna ba da maki mafi yawa ga zanen da ya fi kyau a bango ranar baje koli, to mu ne muka koya musu cewa kyau ake nema, suka nemo shi ta hanya mafi sauƙi. Ni a ganina a auna abu uku: daidaiton gwargwado, fahimtar yadda ginin ke tsaye, da ci gaban da ke tsakanin shafin farko da na ƙarshe. Jarrabawar da ta fi kowace gaskiya kuwa ita ce a karɓe littafin da yamma, a ba ɗalibi farar takarda, a ce ya zana zauren da ya wuni a ciki da ka. Mai hannu mai kyau wanda bai duba ba yakan fito da zaure na kowa da kowa. Mai rawar hannu wanda ya duba yakan fito da wancan zauren, da bakansa da ƙofarsa a inda suke.

Roƙona ga shugabannin sassa da ke wannan zaure shi ne kada a bar darasin nan a shekarar farko kaɗai, a maimaita shi kowace shekara har ɗalibi ya fita, a sa shi a jadawali bayan ɗaukewar ruwa, a kuma ware masa kuɗin mota tun farkon shekara yadda ba za a taɓa shi ba. A ɗauki magina gwanaye a matsayin malamai na fili, a biya su haƙƙinsu kamar yadda ake biyan duk wani malami na wucin gadi, a daina sallamarsu da godiya. Sa'an nan kowane sashe ya riƙa karɓar kwafin zaɓaɓɓun littattafan ɗalibai, da sunan unguwa da kwanan wata a kan kowane shafi, ya ajiye a ɗakin karatu, domin da yawa daga gidajen da za a zana bana ba za a same su tsaye ba nan da shekara goma.